Kanta ta faɗi wani farashi, na'ura ta faɗi wani: wanne doka ta sani?

Ka shiga babban kanti, ka ga kaya a kan kanta da ƴar takardar farashi a ƙarƙashinsa, ka ɗauka. Da ka isa wurin biya na'ura ta yi ƙara, farashin da ya fito a allo ya ɗara wanda ka gani. Yawancin mutane ko su biya su tafi suna ƙunƙuni, ko su tsaya su ce doka ta tilasta a sayar musu a kan abin da aka rubuta. Na farko ya bar haƙƙinsa, na biyu kuma a ƙasashe da yawa yana iƙirarin haƙƙin da doka ba ta ba shi ba. Gaskiyar tana tsakani, kuma ta dogara da abu biyu: inda kake, da ko ka riga ka biya.

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, farashin da ke kan kanta gayyata ce kawai a zo a yi ciniki. Mai saye ne ke tayi lokacin da ya ajiye kayan gaban mai karɓar kuɗi, kanti kuma shi ne ke sallamawa ko ya ce albarka. An tabbatar da haka a 1953, a ƙarar da ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta Birtaniya ta kai kamfanin Boots. A lokacin kantin da mutum ke ɗibar kaya da hannunsa sabon abu ne, doka kuma ta ce wasu magunguna ba a sayar da su sai a gaban ƙwararren mai magani. Ƙungiyar ta ce ai ciniki ya faɗa tun da mutum ya ɗauki maganin ya jefa a kwando, inda babu ƙwararre a kusa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, ciniki na faɗawa ne a wurin biya. Ɗaya daga cikin hujjojin kotun mai sauƙi ce: in da ɗauka ce ke ƙulla ciniki, da wanda ya sa kaya a kwando ba shi da ikon maida shi ya zaɓi wani.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, idan aka gano kuskuren kafin ka biya, kanti na da ikon cewa an yi kuskure, ga farashin gaskiya, ka saya ko ka bari. Amma ikon nan ba lasisin yaudara ba ne. Dokokin kare masu saye sun haramta nuna farashin da zai ruɗi mutane, saboda haka kantin da aka faɗa wa cewa takardarsa ba daidai ba ce, ya bar ta nan kwana da kwanaki tana jawo jama'a, ya fita daga babin kuskure, hukuma na iya kama shi. Sai dai hukuma ce ke hukunta shi. Wannan bai zama dole ya sa kai ka samu kayan da araha a ranar ba.

Wasu ƙasashen sun ƙara gaba. A Ostareliya, sashe na 47 na dokar masu saye ya ce idan kaya na ɗauke da farashi fiye da ɗaya, sai a sayar a kan mafi ƙanƙanta ko a janye kayan daga sayarwa har sai an gyara. Ka lura, ko a nan an bar wa kanti ƙofar fita.

To daga ina maganar "a ba ka kyauta idan na'ura ta yi kuskure" ta fito? Tarihinta shi ne ke warware yawancin muhawarar. A da, kowane gwangwani da kowane ƙunshi na ɗauke da ƴar takardar farashinsa a jiki, mai karɓar kuɗi na dubawa yana bugawa, kai ma kana gani. A watan Yuni na 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, aka fara goga kaya a na'ura mai karanta lambar nan ta layi-layi, kayan kuwa fakitin cingam ne. Daga nan farashi ya koma cikin kwamfuta. Kantuna suka ga sauƙi ya zo, domin liƙa takarda a jikin dubban kaya aiki ne mai cin ma'aikata da kuɗi. Masu saye kuwa suka yi asarar shaidarsu: wa zai iya riƙe farashin kaya arba'in a ka daga kanta zuwa wurin biya? Sai a wasu wurare aka yi musaya. An bar kantuna su daina liƙa takarda, su kuma suka karɓi sharaɗin cewa duk lokacin da kwamfutarsu ta caji mutum fiye da abin da aka rubuta a kanta, za su biya wani abu da ya wuce bambancin.

Dalilin ƙarin a bayyane yake. In da bambancin kaɗai za a maido, kanti ba ya asarar komai da kuskurensa. Mutum ɗaya ya lura an maida masa ƴan canjinsa, ɗari ba su lura ba ribar ta zauna. Ƙarin ne ke sa manaja ya tashi ya je ya gyara.

A Kanada tsarin ya fara a 2002, kuma na ganin dama ne, wato kantin da ya shiga ne kaɗai ya ɗaure, kuma yakan liƙa sanarwa kusa da wurin biya. Idan na'ura ta caji fiye da abin da aka nuna, kayan da farashinsa bai wuce dala 10 ba kyauta za a ba ka, wanda ya wuce kuma a rage maka dala 10. Idan ka ɗauko iri ɗaya guda biyar, na farko ne kawai ke samun wannan gata, sauran a sayar maka a kan farashin da aka rubuta. Kayan da ke da takardar farashi a jikinsa ba ya ciki, haka ma maganin da likita ya rubuta. Lardin Kwibek ya sha bamban, domin can doka ce tun 2001 a kan kantunan da suka zaɓi daina liƙa takarda a jikin kaya, kuma a 2025 an ɗaga adadin daga dala 10 zuwa 15.

Jihar Mishigan a Amurka ta bi wata hanya. Dole sai ka riga ka biya, rasit yana hannunka. Kana da kwana 30 ka sanar da kanti. Za a maido maka bambancin, a ƙara maka ninkinsa goma, amma ƙarin ba ya gaza dala 1 kuma ba ya wuce dala 5. Idan kanti ya ƙi, kana iya kai ƙara ka nemi asararka ko dala 250, duk wanda ya fi yawa. Wannan sharaɗi na biya tukuna ya haifi abin dariya: wanda ya ga kuskuren a allo ya yi magana nan take, gyara kawai zai samu, wanda ya yi shiru ya biya sannan ya juya teburin koke shi ne mai samun ƙari. Doka ce da kanta ta saka wa mai shiru.

Inda babu irin wannan doka, kanti na iya yin alkawarin da kansa. Idan ya rubuta ya liƙa, ko ya buga a bayan rasit, ana iya riƙe shi a kai. Amma yana iya canza shi gobe, don haka abin da aka yi maka bara ba hujja ba ce bana.

Maido da kaya wani babi ne, kuma a nan ma ana cakuɗa abu biyu. Kayan da ya lalace, ko ba shi ne aka kwatanta ba, haƙƙinka ne na doka. A Birtaniya dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka maida shi ka karɓi kuɗinka cif, allon "ba a maido da kaya" ba ya soke wannan. Kayan da ka saya a cikin kanti lafiyarsa ƙalau, ka je gida ka canza ra'ayi, alfarma ce idan sun karɓa. Sayen intanet ne ke da kwana 14 na fasawa a Birtaniya da Tarayyar Turai, saboda ba ka ga kayan da idonka ba, shi ma da keɓance-keɓance kamar abin da ke saurin lalacewa.

Yanzu ga inda zukata ke rabuwa. Akwai masu jin nauyin karɓar kaya kyauta saboda bambancin da bai taka kara ya karya ba, suna ganin kamar ƙwace ne ko rashin kunya. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Ba kai ka rubuta sharaɗin ba, ba kai ka yi kuskuren ba, kuma kanti ya riga ya ci ladan kuturu ranar da ya daina liƙa takarda, aski ya zama dole. Wanda ya yi magana yana yi wa duk na bayansa a layi aiki, har da wanda ba ya iya karanta rasit da wanda ke sauri da yara a hannu.

Akwai kuma mafarauta. Mutum ya gane cewa rangwamen mako ya ƙare amma an manta ba a cire takardar ba, sai ya ɗauki kayan da gangan, ko ba ya buƙata, don ya same shi kyauta. Doka ba ta hana ba, kuma ba ta tambayar niyyarka. Na daɗe ina juya wannan, kuma na fi karkata ga cewa zuwan farko ba laifi, domin tsarin dama an gina shi ne don a samu masu sa ido. Abin da ba na iya karewa shi ne mutum ya karɓa, ya fita, ya dawo ta wani layin, ya turo matarsa, ya turo ƙaninsa, yana addu'ar kada a gyara. Wannan ya daina taimakon gyara, ya koma mai kiwon kuskuren.

Sai ɗaya gefen, wanda ba a cika son tattaunawa ba: kuskuren da ya faɗo maka, tsuntsu daga sama gasasshe. Idan ɗan ƙaramin bambanci ne wanda kowa zai ɗauka rangwame ne, ka biya an sallama, ciniki ya zauna. Amma idan kuskuren ya fito fili har ba mai hankalin da zai ɗauka da gaske ne, kotu ba ta tare da kai. A 1939 wani kamfani a Landan ya yi tayin sayar da fatun zomo 30,000 na Ajantina, sai ya yi kuskure ya rubuta farashin a kan nauyin fam maimakon a kan kowace fata, alhali duk tattaunawar da aka yi a baya a kan kowace fata ce, kuma haka al'adar sana'ar take. Fam ɗaya kusan fata uku ne, ka ga kenan kayan ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai saye ya yi wuf ya amince, da aka ƙi ba shi ya kai ƙara. Kotu ta ce ya san kuskure ne, babu ciniki. Da irin wannan hujja kantunan intanet ke soke oda idan talabijin ta fito a kan kuɗin burodi, ban da cewa yawancinsu sun rubuta cewa ciniki bai faɗa ba sai sun aika kaya.

Layin laifi kuma siriri ne. A 1981 wata mata a Ingila ta ɗauki takalmi, ƙafa ɗaya an rubuta fam 6.99, ɗayar fam 4.99. Ba ta ɓoye komai ba, ta miƙa, mai karɓar kuɗi ta caje ta ƙaramin. An same ta da laifin sata, kotu ta sama ta soke hukuncin, ko da yake daga baya manyan alƙalai sun nuna shakku a kan wannan sokewa. A 1983 kuwa kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta tabbatar cewa wanda ya cire takardar farashi daga kaya mai araha ya manna a kan mai tsada ɓarawo ne. Dokar sata ta 1968 ma ta tanadi cewa wanda aka ba shi abu bisa kuskure, kuma wajibi ne ya maido, ya ƙudurta riƙewa, ana iya tuhumarsa. Canjin da aka ba ka ya yi yawa, ka gani ka sa aljihu, na iya faɗawa nan. Kuma a wasu kantunan ba kamfani ne ke jin zafin giɓin ba, mai karɓar kuɗin ce za ta amsa tambaya idan aka ƙirga akwati da dare.

Ita wannan ma'aikaciyar ya kamata a tuna ko lokacin da gaskiya ke hannunka. Ba ita ke shigar da farashi a kwamfuta ba, sau da yawa ma ba ta da ikon canza shi sai ta kira na sama. Ɗaga mata murya ba ya ƙara ko sisi a abin da za a ba ka. Abin da ke aiki shi ne ka duba rasit tun ba ka fita ƙofa ba, ka koma ka ɗauki hoton takardar kafin a cire ta, ka nemi mai kula da sashen. Kuma kafin ka kira shi, ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin takardar: nauyi, suna, ranar ƙarewar rangwame, ko sai mai katin kanti ne ke samun wannan farashi. Sau da dama takardar daidai take, wani ne ya ɗauki babban ƙunshi ya fasa saye ya ajiye shi a gurbin ƙarami, kuma a yawancin tsare-tsaren nan wannan ba ya cikin abin da ake biya.