Matsalolin barci da cutar saikosis

Saikosis wani nau'in taɓin hankali ne da kan sa mutum ya ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya ga abin da babu, ko ya kafe a kan cewa wasu na ƙulla masa sharri. Yawancin masu wannan larura ba sa samun barcin kirki. Shekaru da yawa likitoci sun ɗauki rashin barcin a matsayin ɗaya daga cikin alamomin ciwon, wanda zai wuce idan ciwon ya lafa. Binciken masana halayyar ɗan'adam masu duba marasa lafiya, musamman tawagar Farfesa Daniel Freeman ta Jami'ar Oxford a Ingila, ya nuna cewa rashin barci shi kansa yana cikin abubuwan da ke rura ciwon, kuma yana da magani.

Yawan matsalar

A wani bincike da mai bincike Sarah Reeve da abokan aikinta suka wallafa a 2019, an tantance mutum 60 da ciwon bai daɗe da kama su ba. Kashi 80 cikin ɗari suna da aƙalla matsalar barci guda. Rabin mutum 60 ɗin na fama da rashin barci, kusan rabi kuma da munanan mafarkai. A ƙa'idar likitanci, rashin barci kan zama ciwo idan yana faruwa aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, yana kuma hana mutum harkokinsa da rana. Akwai kuma waɗanda agogon jikinsu ya juye, su kwana ido biyu su yini barci, da waɗanda barci ya yi musu yawa saboda magungunan saikosis irin su clozapine da olanzapine. Waɗannan magunguna na sa ƙiba, ƙiba kuwa na jawo ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Wanne ke jawo wanne?

Haɗuwar abu biyu ba ta nuna wanda ya haifi ɗan'uwansa, don haka aka koma gwaji. A 2018 Reeve ta taƙaita barcin mutum 68 masu ƙoshin lafiya zuwa awa huɗu a dare, dare uku a jere. Mugun zato da gane-gane (ji ko ganin abin da babu) da rikicewar tunani duk sun ƙaru, kuma damuwa da ɓacin rai na cikin abin da ya haɗa rashin barcin da waɗannan alamomi.

Gwajin OASIS na 2017 ya bi ta ɗaya ɓangaren. Ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci daga jami'o'i 26 na Birtaniya aka raba gida biyu, aka ba wasu jinya ta intanet da manhajar Sleepio. Barcinsu ya gyaru, mugun zato da gane-gane suka ragu. Ragin bai yi yawa ba, ɗalibai da dama kuma ba su kammala jinyar ba. Ga masu saikosis na sosai, gwajin BEST na 2015 ya ƙunshi mutum 50, aka raba su gida biyu, aka yi wa wasu jinyar rashin barci. Bayan mako 12, kashi 41 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar sun rabu da rashin barci, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4 kacal. Amma gwajin ya yi ƙanƙanta, bai iya tabbatar da ko muryoyin da zargin sun ragu ba.

Yadda ake jinyar

Jinya ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, zama kamar takwas tare da ƙwararre. Ana farawa da rubuta lokacin kwanciya da na tashi na mako ɗaya ko biyu. Daga nan a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ko barci ya samu ko bai samu ba, domin shi ne ke saita agogon jiki, tare da fita cikin hasken safiya. Idan mutum ya yi kusan rubu'in awa a kwance barci bai zo ba, sai ya tashi ya yi wani abu mai kwantar da hankali har ya ji barci. Manufar ita ce ƙwaƙwalwa ta daina haɗa gado da juye-juye.

A nan ne jinyar mai saikosis ta bambanta da ta kowa. Ga wasu, gado wurin tsoro ne: da dare muryoyin ke tsananta, ko kuma a nan aka taɓa cutar da su. Irin wannan mutum ba zai amfana da umarnin "kwanta ka yi barci" ba sai an fara sa ya ji yana cikin aminci, wani lokaci ta hanyar sauya wurin kwana ko fara zama a kan gadon da rana. Wasu kuma barcin rana ne mafakarsu daga muryoyin. Idan aka hana su ba tare da an tsara musu abin yi da rana ba, shirin kan rushe cikin 'yan kwanaki. Rage awannin kwanciya, wanda ke da ƙarfi a jinyar rashin barci ta yau da kullum, ana yin sa sannu a hankali, domin ƙarancin barci na iya tayar da ciwon, musamman ga mai farfaɗiya ko mai larurar hawa da saukar yanayi.

Munanan mafarkai suna da tasu hanyar, wadda mai bincike Bryony Sheaves ta gwada ga masu mugun zato: majinyaci ya sake tsara ƙarshen mafarkin yadda ba zai firgita shi ba, ya riƙa maimaita sabon a zuciyarsa da rana. Mai bincike Felicity Waite kuma ta kai jinyar ga matasan da ke cikin haɗarin kamuwa da saikosis, da fatan a gyara barci tun ciwon bai bayyana ba. Ana yin wannan jinya ne tare da magungunan da likita ya rubuta, kuma shi ne ke duba ko sauya lokacin shan magani zai rage yawan barcin rana.