Marurun da ke motsi

A daminar bara wata uwa ta kawo mana ɗanta na goye asibiti, baya da ɗuwawu duk ƙuraje, shida na ƙirga, jajaye kamar maruru. Ta ce, "Malam, kwana uku ke nan bai runtsa ba." Na matso da fitila. Kowane ƙurji da ɗan rami a tsakiya, wani farin abu yana leƙowa yana komawa. Da ka gani ka ce mugunya ce, nan kuwa tsutsa ce da ranta, iska take shaƙa ta ramin.

Ƙudan da ke haifar ta masana na kiransa Cordylobia anthropophaga. Ba ya cizo, ba ya kuma yin ƙwai a jikin mutum. Macen takan nemi rairayi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya jiƙa, ko tufa mai danshi, ta zuba ƙwai sama da 100. Cikin kwana 3 sun ƙyanƙyashe, su kwanta jiran ɗumin jiki, ko da za su kwashe fiye da mako guda. Shigar tsutsar cikin fata ba ta da zafi, shi ya sa ba a ankara. Takan yi kwana 8 zuwa 12 tana girma, sannan ta faɗo ƙasa ta rikiɗe ƙuda.

Mutum dai tsautsayi ne ke haɗa shi da ita. Gidanta na asali jikin ɓera ne da gafiya, sai kuma kare, musamman kwikwiyo. A nan Maradi kuwa, inda kusan kowane gida da gero ko gyaɗa a ajiye, mun saba da kusu har ba ma ganin sa baƙo. Muddin yana da rami a gindin rumbu ko bayan ɗakin girki, ƙudan yana da wurin hayayyafa taku kaɗan daga tabarmar yara. A toshe ramukan, a ɗaga buhuna daga ƙasa, a daina kwana da ragowar tuwo a buɗe.

Da na tambayi uwar inda take shanya, sai ta ce a kan rairayi, gindin dogon yaro, don kada rana ta cinye zanen. Can abin ya samo. Shanya a igiya ake yi, cikin rana tsaka, a kuma goge kayan jariri ciki da waje da dutsen guga mai zafi, har zanen goyo da ƙyallen fitsari. Zafin ne ke kashe ƙwan.

In ƙurjin ya riga ya fito, don Allah iyaye mata, kada a sa allura ko reza. In tsutsar ta fashe a ciki, ciwon ya fi na farko. A toshe ramin da man basilin mai kauri. Iska ta yanke mata, za ta turo kai waje, a danna gefe da gefe a hankali, a wanke da sabulu. Wanda ya fito kusa da ido ko al'aura, ko yaron ya yi zazzaɓi, wannan a kawo mana shi asibiti.