Gwajin DNA da Neman Asali: Abin da Yake Iya Faɗa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Mene ne ake dubawa a wannan gwaji?

Mutum yakan tofa yawu a cikin 'yar kwalba, ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika wa kamfani irin su AncestryDNA ko FamilyTreeDNA. Abubuwa uku ake iya dubawa a cikin DNA, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa. Akwai ƙwayar halittar Y, wadda maza kaɗai ke ɗauke da ita, kuma uba ke gadar wa ɗansa kusan ba tare da sauyi ba. Akwai wadda ake gada ta wajen uwa zalla. Sai kuma sauran ƙwayoyin da ke cakuɗe, rabi daga uwa rabi daga uba, waɗanda amfaninsu wajen gano dangi ke raguwa sosai idan aka wuce kakanni biyar ko shida.

Mece ce alaƙarsa da sunan iyali?

A Ingila sunan iyali yana bin tsatson uba ne tun ƙarnoni da dama, wato hanyar da ƙwayar Y ke bi ke nan. A shekarar 2000, Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada maza masu sunan Sykes, ya tarar kusan rabinsu suna da alama iri ɗaya, abin da ke nuna kaka guda suka haɗa. Daga nan ne irin wannan bincike ya bazu.

Shin hakan zai yi aiki a kan sunayen Hausawa?

Da wuya. Bahaushe bai saba gadon suna guda daga kaka zuwa tattaɓa-kunne ba. Sunan mahaifi ake liƙa wa yaro, shi ma ɗansa ya ɗauki nasa, saboda haka sunan yana sauyawa a kowane zamani. Wasu kuma sunan garinsu aka rubuta musu a rajistar makaranta, kamar yadda ake gani a sunayen Malam Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa. Mutum biyu masu amsa sunan Gusau ba lallai ne jini ya haɗa su ba. A ganina, inda gwajin zai yi rana shi ne tsakanin gidaje biyu da ke da labarin kaka ɗaya, misali wani a Kano wani a Zangon Kumasi ko a Sudan, domin gwada namiji guda daga kowane gida zai nuna ko tsatson uba ya haɗa su.

Gwajin zai iya tabbatar da ƙabilar mutum?

A'a. Kason da kamfani ke rubutawa na yawan jinin kowane yanki ko ƙabila da mutum ke da shi ƙiyasi ne da ake samu ta hanyar kwatanta mutum da waɗanda aka riga aka gwada, kuma tun da Turawa sun fi yawa a rumbunan bayanan, sakamakon ɗan Afirka yakan zo a dunƙule. Wani bincike da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa reshen Y mai suna R1b-V88 ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki, musamman a arewacin Kamaru. Sai dai wannan reshe ya shafe dubban shekaru, ya girmi labarin Bayajidda nesa ba kusa ba, kuma Hausawa da yawa ba sa ɗauke da shi. Haka nan babu gwajin da zai iya tabbatar wa mutum sharifantaka.

Akwai hatsari?

Akwai. Sakamako yakan tona abin da iyali suka binne, kamar a tarar wanda ake kira uba ba shi ne mahaifi ba, kuma wanda ya ba da yawunsa ya fallasa wani ɓangare na bayanan 'yan'uwansa ba da izininsu ba. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutane kusan miliyan 7 a kamfanin gwajin DNA mai suna 23andMe, wanda ya nemi kariyar kotu saboda durƙushewa a watan Maris na 2025, lamarin da ya sa masu hulɗa da shi da dama suka garzaya goge bayanansu.