Mai taɓin hankali, ɗan ƙwaya da mai kwana a tasha: wa ke da alhakinsu a Zamfara?

Wanda ya ratsa tashar mota ko bakin kasuwa da asuba a Gusau, Ƙauran Namoda ko Talata Mafara zai tarar da mutane kwance a rumfunan da ba nasu ba. Wasu 'yan gudun hijira ne, wasu ƙwaya ce ta raba su da gida, wasu kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ana yawan cewa sai an haɗa hannu, amma ba a cika faɗin hannun wa da wa ba, ko aikin da kowane zai yi.

Me ya sa ake haɗa matsalolin nan uku a magana ɗaya?

Saboda kowace tana haifar da 'yar'uwarta. A ce 'yan bindiga sun tashi wani ƙauye a Maru ko Zurmi, saurayi ya ga an kashe mahaifinsa, ya tsere zuwa Gusau gidan kawunsa. Barci ya ƙaurace masa. Ya samu leburanci, abokan aiki suka ba shi tiramol don ya ji ƙarfi, da dare ya haɗiyi wata ƙwayar don ya runtsa. Kuɗin ƙwaya ya fi ƙarfin abin da yake samu, ya fara ɗauke-ɗauke a gidan, kawu ya gaji ya kore shi, ya koma kango. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mace ce ciwo zai kama bayan haihuwa, a ce aljanu ne, miji ya sake ta, iyaye su kasa riƙe ta. Idan aka yi wa irin wannan mutum maganin abu ɗaya aka mayar da shi inda ya fito, ba a jima yake komawa gidan jiya.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fi sani da rahoton 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, abin da mutane da yawa ba sa son ji.

Wannan ba aikin asibiti ba ne?

Asibiti na da nasa kason, amma ba zai iya shi kaɗai ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen Zamfara suka fi sani shi ne na Kware a jihar Sakkwato, kuma kai marar lafiya can daga ƙauyen Anka ko Tsafe kuɗin mota ne, da na mai jinya, da fargabar hanya. Irin wannan ƙarancin likitoci a ƙasashe da dama ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP a 2008, wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da maganin farko, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba.

To su wa ya kamata su haɗu, kuma me kowa zai yi?

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane tare da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je asibiti shan magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Mutanen ƙauyen sun samu kuɗin haya, marasa lafiya kuma ba su manta yadda ake zama da mutane ba.

A wurinmu kayan aikin suna nan a warwatse. Mai unguwa ya san gidan da aka ɗaure wani a ɗaki, ya san kangon da samari ke taruwa. Liman na da kunnen jama'a ranar Juma'a. Malaman Islamiyyar matan aure da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suna shiga inda namiji ba ya shiga, kuma can ne ake ɓoye mata masu shan kodin. Shugabannin tasha da na 'yan kabu-kabu sun san wanda ke kwana a tasha, sun san wanda ke sayar masa da kaya. Ma'aikacin asibitin mazaɓa shi ke da magani da rajista. Mai kanti ko mai gareji shi ke da aikin da zai bai wa wanda ya warke.

A ganina wurin da aikin ke lalacewa shi ne bayan an sallamo mutum. Taron wayar da kai ba ya wuya, an saba yi, a ci abinci a watse. Abin da ke wuya shi ne a samu mutum guda da aka ambaci sunansa, wanda zai riƙa leƙa marar lafiyar nan kowane mako, ya ga ko yana shan magani, ya tuna wa dangi ranar komawa asibiti. Kwamitin da bai raba wa mambobinsa marasa lafiya da suna ba, kwamitin takarda ne.

Ina matsayin ruƙiyya da addu'a?

Mafi yawan iyalai wajen malam suke fara zuwa, kuma babu wani shiri da zai yi nasara in ya fara da zagin malamai. Addu'a ba ta hana shan magani. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Abin da ake nema wajen malam shi ne ya san iyakarsa: wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ko mai jego da ta fara sambatu, ko mai cewa zai kashe kansa, asibiti za a nufa da shi a ranar. Kuma kada malam ya ce a ajiye maganin asibiti.

Gidan mari fa? Wasu iyaye sun ce can ne 'ya'yansu suka shiryu.

Iyayen da ke kai ɗansu can ba mugaye ba ne, sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ne. Amma abin da 'yan sanda suka tarar a 2019, lokacin da suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, ya isa hujja: ɗaruruwan mutane da mari a ƙafa, da tabon duka, har da yara. Ɗauri na raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, ba ya taɓa dalilin da ya sa ya fara sha. Akwai ma haɗari: wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin barci irin su diazepam, in aka yanke masa lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowane marar lafiya, ta kuma shimfiɗa ƙa'idojin kwantar da mutum ba da yardarsa ba.

Kamun da NDLEA da Hisba ke yi ba ya isa?

Dila a kama shi. Mai sha kuwa, kamu kaɗai ba ya raba shi da ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin a 2018, masu sha da yawa suka koma wasu abubuwan. Ita kanta NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma iyaye na iya zuwa neman taimako ba sai an kama ɗansu ba.

Wani abu da kwamitin unguwa ya kamata ya sani: ƙwayar Exol da samari ke sha don maye, magani ne na gaske da likita ke bai wa mai taɓin hankali idan maganinsa ya sa jikinsa ya sanƙare ko hannunsa na rawa. Don haka a bar maganin marar lafiya a hannun babba guda, kada a ajiye shi inda kowa zai kai hannu.

Wa zai biya?

Maganin taɓin hankali na watanni ne, wani na shekaru, kuma da yawa daga masu daina shan maganin kuɗi ne ke yanke musu. Zamfara na da Hukumar Zakka da Wakafi, kuma talaka marar lafiya da wanda ya rasa muhalli suna cikin waɗanda zakka ta halatta a gare su. Masallacin unguwa ma na iya ware wani abu daga asusunsa, a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga wurin sayar da magani. Ɗaki guda da wani mai hali zai bayar wakafi, inda wanda aka sallamo zai zauna kafin danginsa su karɓe shi, ya fi buhun shinkafar da ake rabawa a ɗauki hoto. Gwamnatin jiha kuma nata shi ne horar da ma'aikata da tabbatar da cewa maganin na nan a asibitin mazaɓa.

Wanda ke yawo a titi, ba a san danginsa ba, ta ina za a fara?

Da abinci da ruwa, daga hannun mutum ɗaya ko biyu da zai saba da fuskarsu, kuma a hana yara jifarsa. A hankali ake jin sunansa da garinsu. Daga nan mai unguwa ya sanar da hakimi da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a yi cigiyar dangi ta masallatai, tashoshin mota da rediyo. Kada a ɗauke shi hoto a watsa a Facebook yana cikin halin da shi kansa ba zai so a gan shi ba. In mace ce a gaggauta, domin masu kwana a waje cikin wannan hali su ne aka fi yi wa fyaɗe, kuma mata ne ya kamata su tunkare ta. Idan yana da rauni, ko yana neman cutar da kansa ko wani, ba a jiran a gano dangi: a kai shi babban asibiti mafi kusa, da wakilin mai unguwa da zai tsaya a matsayin mai jinya.