Waiwaye: Daga Depot na Zariya zuwa dajin ƙasar Bama (Burma)

Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Depot na Zariya, saboda haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, garin ya zama mashigar samarin Arewa zuwa fagen daga. A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ne. Turawa suka ɗora wa sarakuna neman mutane, hakimai da dagatai suka bi ƙauyuka. Wasu sun shiga don kakin da albashin, wasu kuwa tura su aka yi ba da son ransu ba. Daga Zariya sai jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai na ruwa.

Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta 82 ta biyo ta a 1944, duka don yaƙar Japan a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Barikin Chindit da ke Zariya ya samo sunansa ne daga dakarun Janar Wingate na Birtaniya da ake kira Chindit, waɗanda bataliyoyin Najeriya uku suka shiga cikinsu a 1944.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin kwanakin sojan a tafiya suka ƙare. A kwarin Kaladan na ƙasar Bama babu hanyar mota, sai da suka sare daji da adduna. Runduna ta 81 ta dogara ne kan 'yan dako, samari masu ɗaukar harsasai da abinci a ka, suna hawa dutse suna gangarowa, da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. Abinci daga sama jirgi ke sako shi da lema: shinkafa, biskit, naman gwangwani. In damina ta kankama, kaki ba ya bushewa, ƙafa ta ruɓe cikin takalmi, matsattsaku su maƙale a ƙwauri, ga zazzaɓi da atini. Da yamma a haƙa rami, a kwana ciki, asuba a sake ɗaura kaya. Ni a ganina 'yan dakon nan su ne tarihi ya fi zalunta.

Tsakanin soja da gida kuwa, zaren siriri ne. Akan yanke wani abu daga albashinsa a aika wa mata ko iyaye ta hannun En'e. Wasiƙa sai ta yi watanni a hanya, bayan an tace ta, don ba a yarda ya ambaci inda yake ba. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi abokin da ya iya, a gida ma a kai wa malami ya karanta, kowa na ji. Yaya mutum zai faɗa wa matarsa abin da ke ransa ta bakin mutum biyu? Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta zama wata kafar jin labarin yaƙin da Hausa. Duk da haka akwai matan da suka gaji da jira suka nemi alƙali ya raba auren, akwai 'ya'yan da suka fara ganin ubansu bayan sun iya magana.

Akasarin sojojin da suka je Bama sai a 1946 suka dawo. Har yau Depot na yaye kurata, da yawa ana tura su Borno da Zamfara, iyalansu na jiran kiran waya daga inda sau tari babu sabis.