Samun kuɗi da shafin rubutu na intanet

Samun kuɗi da shafin rubutu na intanet shi ne mai shafi ya mayar da jama'ar da ke karanta shi hanyar shigowar kuɗi, ko ta talla, ko ta kamasho, ko ta sayar da wani abu nasa. Harkar ta kankama ne daga 2003, shekarar da Google ya fito da AdSense, tsarinsa na sa talla a shafukan mutane, ya kuma sayi Blogger, dandalin buɗe shafin rubutu, a shekarar ne ma aka fara WordPress, wata manhajar gina shafi. A Najeriya Legas ce cibiyarta. Linda Ikeji, fitacciyar mai shafin labarai, ta fara rubutu a shafinta a 2006, shafin BellaNaija ma a shekarar ya fito, to da labarin gidan da Linda ta saya a Banana Island, unguwar masu kuɗi a Legas, ya bazu a 2015 sai matasa da yawa suka ɗauka ai shafi kawai za ka buɗe dala ta fara zuba.

Tallar Google

Ita kowa ya fi sani, kuma ita ta fi ba Bahaushe wahala. Mai shafi zai nemi Google ya amince da shafinsa, in an karɓa sai tallace-tallace su riƙa fitowa a tsakanin rubutunsa ana tara masa ɗan abin da ya samu. In kuɗin ya kai dala 10 za a turo masa lambar sirri a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshinsa, kuma duk wanda ke zaman haya a lungunan Agege ko Idi-Araba ya san isowar wasiƙa har ƙofar ɗaki ba ƙaramin aiki ba ne. Ba a biya sai kuɗin ya cika dala 100, mafi yawa kuma asusun dala suke buɗewa a banki don karɓa. Sannan mai karatu daga Najeriya ba ya kawo kuɗin da mai karatu daga Amurka ko Ingila yake kawowa, saboda masu talla a can sun fi zuba kuɗi. Babbar matsalar ma ita ce Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa, shi ya sa za ka ga shafi sunansa na Hausa amma rabin rubutun Turanci ne, wanda gaskiya abin takaici ne ga harshen da miliyoyin mutane ke karantawa kullum a waya. Wanda kuma ya riƙa danna tallarsa da kansa ko ya sa abokai su danna, rufe asusun ake yi, kuɗin da ya tara ma yana iya tafiya.

Talla kai tsaye

Nan ne marubucin Hausa a Legas ya fi ƙarfi, don yana zaune ne a tsakiyar 'yan kasuwa. Misali wanda ke kawo farashin tumatir da albasa da tattasai na kasuwar Mile 12 duk safiya, dillali a Kano ko Zariya yana buƙatarsa kafin ya loda mota, to mai motar ɗaukar kaya ko mai sayar da waya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja zai biya a sa lambarsa a ƙarƙashin wannan farashin ko da masu karatun ba su wuce ɗari biyar ba, tunda su ne ainihin kwastomominsa. Ciniki ne na baki da baki, a yi magana a WhatsApp a tura kuɗi a naira, babu jiran dala 100. Sai dai a riƙa rubuta cewa talla ce, kuma hukumar ARCON ce ke da alhakin tantance tallace-tallace a ƙasar, har da na intanet.

Kamasho da sayar da kayan kai

Jumia da Konga, kamfanonin sayar da kaya ta intanet, duka an kafa su a Legas a 2012, sun yi tsarin ba mai shafi kamasho in an sayi kaya ta mahaɗinsa, amma kason kaɗan ne. Wasu kuma littafinsu ko darasi suke sayarwa ta dandalin sayarwa na Selar ko su karɓi kuɗi ta Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, marubuta labaran Hausa ma sun daɗe suna yin irin wannan, a biya a sa mutum a guruf.

Shin ma ya kamata a fara?

Kafin a yi zancen riba sai an lissafa kashewa: kuɗin sunan shafi duk shekara, kuɗin hostin, wato hayar wurin ajiye shafin a intanet, wanda sau da yawa da dala ake biya kuma ya yi tsada tun da naira ta faɗi a 2023, ga data da aka ƙara wa kuɗi a 2025, ga cajin waya ranar da babu wuta. Shafin da bai tara masu karatu ba, cika shi da talla nauyi kawai yake ƙara masa, ya cinye datar mutane su gudu. Akwai kuma batun halal da haram, wanda ba a wasa da shi, domin kamfanonin caca da masu bashin ruwa na waya da masu maganin ƙarfin maza marar rajistar NAFDAC suna cikin masu saurin biya, kuma mutanen da kake sallah da su a masallacin unguwa su ne za su gani. A cikin AdSense akwai wurin da ake toshe rukunin tallar da ba a so, ya kamata a shiga a toshe tun ranar farko kafin talla ɗaya ta fito.