Waiwaye: Yadda kutse ya zama makamin Koriya ta Arewa, daga bisani ya zama baitulmalinta

A ranar 21 ga Fabrairun 2025 shugabannin Bybit, kamfanin hadahadar kuɗin kirifto mai mazauni a Dubai, suka sa hannu kan wani umarnin tura kuɗi da suka ɗauka na yau da kullum ne. Abin da allon kwamfuta ya nuna musu daban, abin da suka amince da shi a zahiri daban, domin masu kutse sun riga sun shiga manhajar da ake sa hannun da ita sun sauya umarnin. Nan take kuɗin Ethereum da darajarsa ta kai kimanin dala biliyan 1.5 ya fice, satar kirifto mafi girma da aka taɓa gani zuwa lokacin. Kafin mako ya zagayo hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Duk mai son fahimtar yadda ƙasar da wutar lantarki ba ta wadace ta ba, wadda talakawanta ba su da izinin shiga intanet, ta gagari manyan ƙasashe a wannan fage, dole ya koma ga yadda yaƙin Koriya ya tsaya shekaru saba'in da suka wuce.

Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma da ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu sai Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba zirin gida biyu. A ranar 25 ga Yunin 1950 dakarun shugaban Arewa, Kim Il-sung, suka tsallaka kudu, aka shiga yaƙin da ya jawo Amurka da Chaina ciki, ya kuma lashe rayukan miliyoyin mutane. Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yulin 1953 yarjejeniyar tsagaita wuta ce kawai, wadda shugaban Kudu na lokacin, Syngman Rhee, ya ma ƙi rattaba wa hannu, kuma har yau babu yarjejeniyar zaman lafiya da ta biyo bayanta. Tun daga nan lissafin soja a zirin ya tsaya kan abu biyu: birnin Seoul yana da tazarar kilomita 50 ko makamancin haka daga iyaka, inda manyan bindigogin Arewa da aka ɓoye cikin duwatsu za su iya riskarsa, sannan a Kudu akwai sojojin Amurka kimanin 28,500. Kowane ɓangare ya san cewa yaƙi gadan-gadan halaka ne, saboda haka Pyongyang, wato gwamnatin Arewa, ta ƙware a kan kai farmakin da zai yi zafi amma ba zai kai ga tayar da yaƙi ba.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A Janairun 1968 sojojin kundumbala 31 suka tsallaka iyaka da nufin kashe Shugaba Park Chung-hee na Kudu, har suka kusa isa fadarsa kafin a tare su. Kwana biyu bayan haka Arewa ta kame jirgin ruwan leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo, ta tsare ma'aikatansa wata goma sha ɗaya, jirgin kuma yana nan a Pyongyang ana nuna shi ga maziyarta. A 1983 aka dasa bam a Rangoon na ƙasar Burma, ya kashe ministocin Kudu da dama, Shugaba Chun Doo-hwan ya tsira saboda ya makara, sannan a 1987 aka tarwatsa jirgin fasinja na Korean Air da mutum 115 a ciki. A duk waɗannan babu wanda ya jawo ramuwar gayya ta soja a kan Arewa, kuma darasin da shugabanninta suka ɗauka ke nan.

Shekarun 1990 ne suka tilasta mata sauya kayan aiki. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man fetur da kayan gyara masu rahusa suka yanke, yunwa ta kashe ɗaruruwan dubban mutane, Kim Il-sung kuma ya mutu a 1994 ya bar wa ɗansa Kim Jong-il rundunar da take da ɗimbin sojoji amma tankokinta da jiragenta sun tsufa. Hafsoshin Pyongyang sun kuma ga abin da Amurka ta yi wa rundunar Iraƙi a yaƙin Tekun Fasha, runduna mai makaman Sobiyet irin nasu, wadda aka makantar da na'urorinta na sadarwa kafin a murƙushe ta cikin makonni. Kudu kuwa ta yi nisan da ba a kamo ta. A yau kasafin tsaronta na shekara guda ya zarce kiyasin duk abin da tattalin arzikin Arewa ke samarwa. Hanyar da ta rage ita ce ta makaman da ke ba mai rauni damar tsorata mai ƙarfi, wato nukiliya, wanda ta fara gwadawa a Oktoban 2006, da makamai masu linzami, da kuma kutse, wanda shi ne mafi arha a cikinsu.

Waɗanda suka tsere daga ƙasar sun sha bayyana yadda ake zaƙulo yara masu hazaƙar lissafi tun suna ƙanana, a kai su makarantu na musamman, daga nan su wuce jami'o'i irin su Jami'ar Fasaha ta Kim Chaek. A 2009 aka haɗa hukumomin leƙen asiri a ƙarƙashin babbar hukuma guda, kuma a cikinta ne sashen kutse da ake kira Ofishi na 121 yake. Da yake hanyar intanet ɗin ƙasar ƙunƙuntacciya ce, kuma shekaru da dama ta Chaina kaɗai take bi kafin wani kamfanin Rasha ya ƙara mata layi na biyu a 2017, da yawa daga cikin ma'aikatan a waje suke zaune, musamman a biranen arewa maso gabashin Chaina irin su Shenyang da Dalian, suna fakewa da sunan ma'aikatan kamfanonin manhaja.

Zangon farko na hare-haren na tsokana ne da ɓarna. A Yulin 2009 aka toshe shafukan gwamnatocin Amurka da Koriya ta Kudu ta hanyar cika su da buƙatun bogi, aikin da masana suka ɗauka na 'yan koyo ne. Amma a ranar 20 ga Maris na 2013 kwamfutoci dubun-dubata suka mutu lokaci guda a tashoshin KBS da MBC da YTN da bankunan Shinhan da Nonghyup na Koriya ta Kudu, na'urorin cire kuɗi suka tsaya, jama'a suka yi cirko-cirko a gaban bankuna. Lokacin da abin ya faru yana da muhimmanci. Shekara uku kafin nan, a 2010, an nutsar da jirgin yaƙin Kudu mai suna Cheonan, ma'aikatansa 46 suka mutu, aka kuma yi wa tsibirin Yeonpyeong ruwan harsasai, abin da ya sa Seoul ta sha alwashin mayar da martani mai tsanani a gaba. Kutse ya ba Arewa damar ci gaba da cizo ba tare da gawar da za a nuna a talabijin ba, kuma ana ɗaukar watanni kafin a tabbatar da wanda ya aikata. A Nuwamban 2014 dabarar ta tsallaka teku, lokacin da aka lalata kwamfutocin kamfanin Sony Pictures, aka watsa wasiƙun shugabanninsa, saboda wani fim na barkwanci da ya nuna kisan shugaban Arewa, Kim Jong-un. Gwamnatin Obama ta ambaci sunan Pyongyang a fili, ta ƙara takunkumi a Janairun 2015, Pyongyang kuma ta musanta, kamar yadda take musanta kowane zargi irin wannan har yau.

Abin da ya faru da Babban Bankin Bangladesh a Fabrairun 2016 shi ne ya nuna cewa manufar ta sauya. Masu kutsen sun shafe watanni a cikin kwamfutocin bankin suna nazarin yadda ake aika umarni ta tsarin SWIFT, wanda bankunan duniya ke aika wa juna saƙon tura kuɗi da shi, sannan suka zaɓi daren Alhamis, 4 ga wata, suka aika wa reshen babban bankin Amurka da ke New York, inda asusun Bangladesh yake, umarni 35 na fitar da kusan dala biliyan ɗaya. Sun lissafa kalandar ƙasashe uku: Juma'a da Asabar hutu ne a Dhaka, Asabar da Lahadi hutu ne a New York, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Chaina ne a Manila, inda kuɗin zai sauka. Sun kuma gurgunta na'urar buga takardu da ke fitar da shaidar kowace hulɗa, ta yadda ma'aikatan da suka leƙo ofis ranar Juma'a suka tarar da ita shiru, suka ɗauka lalacewa ce irin wadda aka saba. Umarni biyar ne suka wuce. Dala miliyan 20 da aka nufi Sri Lanka da su an tare su saboda kuskuren rubutu a sunan mai karɓa, amma dala miliyan 81 sun shiga wani reshen bankin RCBC a Manila, suka narke a gidajen caca. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki a watan Maris.

Gwamnati ta yi fashin banki abu ne da duniya ba ta saba ji ba, amma ga wanda ya san tarihin Pyongyang ba baƙon abu ba ne. Tun da daɗewa ake zarginta da buga jabun takardar dala 100 da fasa-ƙwauri ta hannun jami'an diflomasiyyarta, kuma a 2005 matakin da Amurka ta ɗauka kan bankin Banco Delta Asia na Macau, wanda ya daskarar da kimanin dala miliyan 25, ya girgiza ta fiye da yadda yawan kuɗin zai nuna. Takunkuman da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba a 2017, bayan gwajin nukiliya na shida da harba makamai masu cin dogon zango, sun haramta mata sayar da kwal da ƙarfe da kifi da tufafi, sun ƙayyade tataccen man da za a sayar mata zuwa ganga 500,000 a shekara, sun kuma umarci ƙasashe su mayar da 'yan ƙwadagonta gida. A ganina takunkuman sun toshe kusan kowace ƙofa da jirgin ruwa ke bi, suka bar wadda waya ke bi a buɗe, kuma ba abin mamaki ba ne da satar ta ƙaru daga nan.

A shekarar 2017 ɗin ce ƙwayar kwamfuta ta WannaCry, wadda Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakinta a kan Pyongyang, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150 tana neman kuɗin fansa, ta tilasta wa asibitocin Birtaniya soke dubban ganin likita, alhali makamin da aka gina ta a kansa daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aka sato shi. A 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa mai suna Park Jin-hyok da hannu a waɗannan hare-hare, ta ƙara mutum biyu a 2021, kuma a cikin wata shari'a mai alaƙa da wannan ne sunan ɗan Najeriya ya fito: masu gabatar da ƙara sun ce Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, yana cikin waɗanda aka nema su taimaka wajen halatta kuɗin da aka sace daga wani banki a Malta a 2019. Ƙwararren mai kutse yana iya buɗe ma'ajiya daga nesa, amma fitar da kuɗin yana buƙatar dillalai masu asusu a ƙasashe daban-daban, kuma Pyongyang ba ta zaɓen abokin ciniki.

Kuɗin kirifto ya rage mata wannan wahalar. A Maris na 2022 aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga tsarin kirifto na Ronin, a 2024 kamfanin DMM Bitcoin na Japan ya yi asarar sama da miliyan 300, WazirX na Indiya kuma sama da miliyan 200. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yana binciken hare-hare 58 tsakanin 2017 da 2023 da suka kai kimanin dala biliyan 3, wata babbar jami'ar Fadar White House kuma, Anne Neuberger, ta ce a 2023 kusan rabin kuɗin shirin makamai masu linzami na ƙasar daga nan yake fitowa. Akwai kuma dubban masu rubuta manhaja da ke neman aikin nesa a kamfanonin Yamma da sunayen aro. A 2025 wata kotun Amurka ta ɗaure wata mata daga Arizona da ta cika gidanta da kwamfutocin kamfanoni domin a zaci ma'aikatan a Amurka suke. Mafi yawan albashin gwamnati ke karɓewa, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Neman kuɗin bai kawar da aikin soja ba. A 2016 aka kutsa cibiyar bayanan ma'aikatar tsaron Kudu, kuma a shekarar da ta biyo baya wani ɗan majalisa ya bayyana cewa cikin abin da aka kwasa har da tsarin yaƙin haɗin gwiwa da Amurka, wanda ya ƙunshi shirin kawar da shugabannin Arewa idan yaƙi ya ɓarke. Ko abokai ba su tsira ba, domin a 2023 masu bincike sun gano sawun masu kutsen Pyongyang a kamfanin ƙera makamai masu linzami na Rasha, NPO Mashinostroyeniya. Ramuwa kuwa tana da wuya, saboda ƙasar da asibitocinta da bankunanta ba su dogara da intanet ba tana da kaɗan da za a lalata mata, harin soja kuma zai dawo da batun bindigogin da ke kallon Seoul da makaman nukiliya.

Siyasar yankin ma ta juya mata da kyau tun bayan rushewar taron Trump da Kim a Hanoi a Fabrairun 2019. Chaina, wadda ke da yarjejeniyar tsaro da ita tun 1961, ba ta son makaman nukiliyarta, amma ta fi ƙin rushewar gwamnatin da za ta kawo sojojin Amurka bakin kogin Yalu da ke iyakarta da Koriya ta Arewa. Rasha kuwa, da yaƙin Yukren ya sa ta buƙatar harsasai, ta hau kujerar na-ƙi a Maris na 2024 ta kashe kwamitin ƙwararrun da ke bin diddigin takunkuman, a watan Yuni Putin ya je Pyongyang suka ƙulla yarjejeniyar kare juna, kafin ƙarshen shekarar kuma sojojin Arewa suka isa yankin Kursk. Amurka da Japan da Koriya ta Kudu sun amince a taron Camp David na Agustan 2023 su haɗa kai kan kutsen, sannan a Oktoban 2024 su da wasu ƙasashe takwas suka kafa tawagar sa ido da za ta maye gurbin kwamitin da aka rusa. Tawagar tana fitar da rahotanni, amma ba a ƙarƙashin Kwamitin Sulhu take ba, kuma Chaina da Rasha, ƙasashe biyun da layukan intanet na Pyongyang ke bi ta cikinsu, ba sa cikinta.